Ina Ruwan Ɗan Kazaure da Littattafan Rasha?

Muna da wata magana da za mu kawo gabanku a wannan fili, ko da yake mun san wasu za su yi mana dariya. Mu 'yan tsiraru ne a ajin ƙarshe da muka kamu da son ƙagaggun labaran Rasha na dā. Duk lokacin da aka gan mu a gindin darbejiya riƙe da littafi mai kauri kamar bulo, sai a ce, "Ina ruwan biri da gada? Ga jarrabawa a gabanku, kun tsaya karanta labarin ƙasar ƙanƙara." To, ra'ayinmu shi ne waɗannan littattafai sun fi kusa da rayuwar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura fiye da yadda ake zato.

Alal misali, mu ɗauki littafin Nikolai Gogol na 1842, wanda a Turanci ake kira Dead Souls, wato Matattun Rayuka. A Rasha ta wancan zamani yawancin manoma mallakar masu ƙasa ne, sai a 1861 aka 'yanta su. Hukuma tana karɓar haraji a kan kowane namiji da ke cikin takardar ƙidaya, kuma ko ya mutu dole ubangidansa ya ci gaba da biya har a sake ƙidaya, abin da kan ɗauki shekaru. Sai wani ɗan damfara mai suna Chichikov ya shiga keken doki yana bin ƙauyuka yana sayen sunayen mamatan da araha, domin ya jinginar da su ga hukuma kamar rayayyu ya ci bashi. Wata tsohuwa, Korobochka, ta yi ta jan ƙafa, ba don tsoron Allah ba, sai don kada a kwashe ta, tana so ta fara jin farashin matattu a gari. Wani kuma, Sobakevich, ya sa sunan Rubul 100 a kan kowane mamaci, yana ta yabon gwanintarsu ta aikin hannu kamar dillali a kasuwar Babura, daga ƙarshe ya sallama a kan biyu da rabi.

Da muka ba kakanninmu wannan labari ba su yi mamaki ba ko kaɗan. Sun tuna zamanin da ake rubuta kawunan magidanta, idan wani ya mutu ko ya gudu cin rani sai nauyin ya faɗa kan waɗanda suka rage. Sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda muke cikinta kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Su kuwa ma'aikatan bogi da muke ji a rediyo ana cewa suna karɓar albashi alhali suna kushewa, ai jikokin Chichikov ne ke cin moriyarsu.

Amma wanda ya fi sosa mana rai shi ne Iyaye da 'Ya'ya na Ivan Turgenev, na 1862. Bazarov ɗalibin likitanci ne, ya koma ƙauye bayan shekaru, uwa da uba suna rawar jiki, suna tsoron yin magana kada su gundure shi. Kwana uku kacal ya yi ya ce zai tafi. Bai daɗe da sake dawowa ba ya yanke a yatsa wajen binciken gawa, cuta ta kama shi ya rasu, aka bar tsofaffin biyu suna zuwa kabarinsa. Wane ne a cikinmu bai taɓa zuwa hutu Gwiwa ko Roni ya ji zancen mahaifinsa ya yi masa tsufa ba, ko ya gyara wa mahaifiyarsa magana a gaban mutane? Ba wanda ya yi mana wa'azi a littafin, amma bayan mun gama shi kunya ta hana mu haɗa ido.

Ba mu ce babu wahala ba. Yaƙi da Zaman Lafiya na Tolstoy ya haura shafi 1,000, kuma gaskiya ɗayanmu kaɗai ya kai ƙarshensa. Sunaye ma suna rikita mutum, domin za a kira mutum ɗaya da suna uku. Sai dai wannan bai kamata ya dami wanda a gidansu ake kiran Muhammadu da Mamman, kakarsa kuma ta ce Ɗan'asabe ba. Bugu da ƙari, sunan tsakiya na Barashe sunan mahaifinsa ne, kamar yadda muke yi. Mai jin tsoron kauri ya fara da gajeren labarin Tolstoy na 1886, na manomi Pahom da aka ce ya mallaki duk ƙasar da zai iya zagayewa kafin faɗuwar rana. Duk wanda ya taɓa ganin rikicin iyakar gona zai karance shi a zama ɗaya.

Abin da ke damunmu shi ne a Turanci muke karanta su, saboda haka iyayenmu, waɗanda suka fi mu sanin haraji da gona, sai abin da muka tsakuro musu. Rashawa sun buga ƙamus na Hausa da Rashanci a Mosko tun 1963. Alhaji Abubakar Imam kuma ya ɗebo labaran Larabawa da na Indiya da na Turai ya sa musu rigar Hausa a Magana Jari Ce, ba wanda ya ce baƙi ne. Don haka muna roƙon malamanmu na Hausa su duba mana babin tsohuwa Korobochka da muka fara juyawa, mu kuma bar wa 'yan aji biyar su ƙarasa. Mun kai shafi na shida muka tsaya, domin har yau muna gardama ko manoman nan za a kira su bayin gandu ko talakawa.