ZAUREN IYALI: Miji Da Mata A Mota Ɗaya



Makon jiya bayan sallar La'asar wani matashin bakanike ɗan nan unguwar Kokoro ya same mu a zauren Malam riƙe da taswira. Ya sayi tsohuwar mota ƙirar Hiace, ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katako da katifa, ya ɗaura jarkoki a bisa. Niyyarsa ita ce shi da amaryarsa su kama hanya su biyu rak, suna kwana a cikin motar, har su kai Agadas da duwatsun Azbin inda kakansa ya fito. Ya ce, "Yaya, ku da kuka yi karatu, me kuka gani?"

Malam mahaifinmu ya yi murmushi, ya ce ai Kilomita Biyar ta saba ganin irin waɗannan matafiya. A shekarun 1970 da 1980 Turawa miji da mata kan iso Bangi cikin Volkswagen ko Land Rover, sun yi futu-futu da ƙura, su shiga kasuwa su sayi albasa da gwangwanayen kifi, sannan su ƙetare kogin Ubangi zuwa Zongo su nufi Kisangani da Kenya. Yara kan bi su da kallo, manya kuwa suna tausaya musu a matsayin mutanen da ba su da gida.

Kaɗan ne daga masu kallon suka san abin da waɗannan mutane suka baro a bayansu. Daga Aljeriya suke gangarowa zuwa Tamanrasat, su hau duwatsun Hogar, su kwana a Asekrem mai tsayin fiye da mita 2,700 inda ruwa kan daskare da dare a lokacin hunturu. Daga nan sai kimanin kilomita 400 na yashi da tsakuwa zuwa In Gezam, a zamanin da babu kwalta, sai Asamaka, Arlit, Agadas, Damagaram, Kano, su ratso Kamaru su faɗo mana. Tsakanin Agadas da Kano kuwa tsohuwar hanyar ayarin gishiri ce, wadda kakan wannan yaro ya tako da ƙafarsa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ake fitar da mota idan ta kafe a rairayi. Ana rage iskar tayoyi domin su baje, a haƙe gabansu da shebur, a cusa farantan ƙarfe a ƙarƙashi. Ɗaya na kan sitiyari, ɗaya na ƙasa yana janyo farantin da motar ta taka ya sake kai shi gaba, har sai an samu ƙasa mai tauri. Wani lokaci a yi haka yini guda ba a ci kilomita goma ba. A irin wannan wuri matar ba fasinja ba ce. Idan ba ta iya tuƙi ba, ita za ta ɗauki ƙarfen a cikin rana. Idan zazzaɓi ya kayar da mijin, ita ce direba, ita ce mai lissafin ruwa.

Wannan hanya ta mutu ne bayan tawayen Abzinawa da ya ɓarke a Nijar a 1990 da yaƙin basasar Aljeriya da ya biyo baya a 1992. Ba mu ga laifin yaron nan ba da yake marmarin ganin Azbin. Wa zai ƙi ganin hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27 da aka gina da laka, ko lambunan lemo da rumman na Timiya a tsakiyar baƙaƙen duwatsu, ko tsaunin Bagzan da ya haura mita 2,000? Amma dai mun gaya masa gaskiya. A watan Janairu na 2025 an sace wata 'yar ƙasar Ostiriya a cikin garin Agadas, a watan Afrilu kuma aka sace wata 'yar Suwizalan. Zai iya cewa ai waɗannan Turawa ne, shi kuwa ɗan gida ne. To, ƙishirwa ba ta tambayar asali: a watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, bayan motocinsu sun lalace. Motoci biyu ne suka ɗauke su. Shi yana da ɗaya, tsohuwa.

Shawarar da muka ba shi ita ce ya fara da abin da zai iya. Daga Bangi zuwa Garwa-Bulai ta Boali, Bosambele, Yaloke da Buwar kusan kilomita 600 ne, kuma duk mun tuna yadda 'yan tawaye suka datse ta daga Disamba 2020 zuwa Fabrairu 2021 har farashin kaya ya tashi a kasuwa. A wannan hanya ba a tafiyar dare, ba a kuma kwanan daji. A shiga gari da sauran rana, a ajiye mota a tasha ko a ƙofar wanda aka sani. In dutse yake so, tudun Adamawa na nan: Ngaundare ta haura mita 1,000, da sanyinta da shanunta, kuma gangaren da ke arewacinta a kan hanyar Garwa ya isa ya gwada birkin duk wani bakanike. In kuma zumunci ya ja su har Nijar, su bar motar a wurin dangi a Damagaram su shiga bas ta haya zuwa Agadas, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bayan sun ji labarin hanya daga bakin mutanen can.

Yana naɗe taswirarsa sai Malam ya tambaye shi abin da mu muka manta: "Ita yarinyar me ta ce?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, na dai gaya mata za mu tafi."

Bayan kwana biyu ya dawo tare da ita, ta shiga cikin gida wurin Inna. Tambayoyi uku ta aiko da su zaure: lita nawa na ruwa motar ke ɗauka, a ina mace za ta kewaya ta yi wanka a tashar da maza suka cika, kuma wa zai tuƙa idan shi ya kwanta ciwo. Mai gidan yana da amsar ta farko kawai.

Sun tsayar da Ngaundare a bana, in Allah ya yarda, kuma za su sauka a gidan gwaggonta. Wanda ya ga wata farar Hiace tana tafiya da ƙyar a unguwa bayan sallar Asuba, ya yi haƙuri ya ba ta hanya, amarya ce ke koyon kulochi.