Yawon bakin ƙorama a Garhanga

Yanzu an yanke gero, rumbu ya rufe, ɗari ya fara shigowa. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu lokaci ne da magidanci zai iya ɗaukar iyalinsa su taka bakin ƙorama da safe, ba don kiwo ba, ba don neman itacen wuta ba. Wani zai ce wannan aikin marar abin yi ne. To, a saurara.

A Adar babu gulbi mai gudu shekara duka. Ƙorama ce ke cika in an yi ruwa, bayan ƴan awoyi ta koma rairayi. Da rani kuwa ita ce hanya mafi sauƙi a ƙasar Garhanga. Hawan dutse sai mai ƙarfin gwiwa, amma gefen ƙorama shimfiɗe yake. Yaro ɗan shekara biyar zai bi shi, tsohuwa mai sanda za ta bi, mai goyo ma haka. Kilomita biyu ko uku sun isa. A fita bayan sallar asuba, a dawo kafin rana ta take. Gorar ruwa da takalmi saboda ƙaya, su ke nan guzurin.

Abin da za a nuna wa yara shi ne itatuwa. Ga gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, gero kuma ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Ga bagaruwa da majema ke jima da ƴaƴanta. Ga aduwa da magarya, waɗannan ba sai an koya wa yaro ba, bakinsa ya san su. Ga dakwara mai ba da ƙaro. Gaba kaɗan sai garaken albasa da tumatir, inda ake ban ruwa tun da sanyin safiya. Yaron da ya kawo sunan itace goma a yawo guda ya yi karatu, ko ba a ba shi alli ba.

Amma yaran yau suna tsammanin haka Allah ya ajiye wurin tun fil azal. Ba su san 1984 ba, shekarar yunwar da ake kira El Buhari. A lokacin tudu ya zama faƙo, ruwan sama ba ya shiga ƙasa, sai ya gangaro da ƙarfi ya ci gefen ƙorama, ya tafi da gonaki. A wannan shekarar aka buɗe aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO, Garhanga kuma tana cikinsa. Ladan aikin abinci ne, daga hukumar abinci ta duniya. Maza da yawa sun tafi bida, saboda haka mata ne suka fi ɗaukar duwatsu a ka. Su suka jera su a tudu don su tsai da ruwa, su suka haƙa ramuka a jikin dutse aka dasa itace. A cikin ƙoramu aka gina madatsai da duwatsu cikin ragar waya. Cikin shekara kamar ashirin an dasa itace wajen miliyan 18 a yankin aikin. Shi ya sa in za a fita yawon nan, kada a bar kaka a gida. Ita ta san wane layin dutse ya cinye mata fatar hannu. In ta nuna shi da sandarta, jikanta ba zai manta ba.

Maƙwabta na ƙasar Buza sun riga farawa. A kwarin Majiya, tun 1975, ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka dasa bedi layi biyu-biyu, mita 100 tsakanin wannan shinge da wancan, don ya tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Wanda ya je kasuwa can ya bi tsakanin layukan, inuwa ce kamar rumfa. Sun kuma gano cewa in aka sare bedi daga sama, inda akuya ba ta kaiwa, yana sake toho, a sami azara da itacen wuta, shingen kuma yana nan.

Abin takaici, mai yawo zai ga wani abu dabam. Zai ga kututture inda aka sare itace daga gindi cikin dare. Zai ga inda aka kwance wayar madatsa, duwatsu sun watse. Wanda ya yi haka ya sami kuɗin kasuwa ɗaya. Amma saiwar itacen nan ce ke riƙe gefen ƙorama, in ta mutu ruwan baɗi zai shigo gonar wani, wataƙila tasa. Ɓarna irin wannan tana daɗewa ne a wurin da ƙafa ba ta zuwa. Inda mutane ke wucewa kullum da ƴaƴansu, mai gatari yana jin kunya. Wanda ya ga ɓarna ya gaya wa maigari, ba sai ya yi faɗa da kowa ba.

Sai a kiyaye abu kaɗan. Kada yara su tsaya ƙarƙashin gefen da ruwa ya rarake, yana ruftawa ba sallama. Kada su sa hannu cikin jerin duwatsu, maciji da kunama na son wurin. Kada su yi wanka a ruwan da ya kwanta bayan madatsa: akwai zurfi, akwai laka, akwai kuma tsargiya mai sa fitsarin jini. In damina ta faɗi, yawon cikin ƙorama ya ƙare. Ruwa yana iya zuwa daga tudu mai nisa alhali a gari ko ɗigo ba a yi ba.

Masu zuwa makarantar yaƙi da jahilci su tafi da littafi da fensir. Su rubuta sunan kowane itace da suka gani, su ƙirga kututture nawa suka tarar daga bakin gari zuwa madatsa. A ajiye takardar, baɗi war haka a sake ƙirgawa.