Bututun gaz zai ratsa jihar Agadas: mu ina rabonmu?

Jama'ar Iferwan, na gida da na Arlit, Tamanrasset da Libiya, batun bututun gaz na Sahara bai mutu ba. A Yulin 2022 Najeriya, Nijar da Aljeriya suka sa hannu, a Fabrairun 2025 kuma suka amince a sabunta binciken aikin: kilomita wajen 4,000, gaz mita kubik biliyan 30 a shekara, akasari don kasuwar Turai.

To, mu fa? Da gaz Najeriya ke samar da mafi yawan kurant ɗinta, mu kuma muna saye. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa. Da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi a ƙarshen Yulin 2023, aka yanke a watan Agusta, Yamai ta kwana a duhu.

Nan arewa, gawayin SONICHAR na Cirozerin ke haska Agadas da Arlit. Mu layin bai iso mu ba, masu garka da gazuwal da fanon rana suke jan ruwa.

Kuɗin ratse kaɗai ba zai kunna mana kwan fitila ba. Muna so a rubuta kason gaz na Nijar da tashar wuta a jihar Agadas cikin yarjejeniyar tun yanzu, kafin a binne bututun.