Gaya: Bindigar mai tarko ta koma abin tuhuma a dajin iyaka

A da, idan mai ɗana tarko a ƙauyukan Gaya zai sayi bindiga, dabba yake dubawa. Shin gafiya da zomo yake kamawa, ko kuwa tarkonsa na ƙarfe ne mai riƙe mugun dawa? Yanzu lissafin ya sauya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda soja, ɗan banga ko ɗan bindiga zai fassara abin da ya gani a kafaɗarsa da asuba.

Sana'ar ce ta kawo bindigar tun farko. Tarko ba ya kashe kowace dabba. Mai tarko yakan tarar da beguwa ko mugun dawa da ransa, ya fusata, don haka yana bukatar abin da zai ƙarasa shi daga nesa kaɗan. Mafi yawa adaka suke riƙewa, bindigar maƙera da ake ɗura wa albarushi ta baki. Tana da araha, kuma maƙerin gari na gyara ta. Sai dai harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗuri, raɓa ko ruwan damina na iya hana ta tashi, bututun da bai da ƙwari kuma yakan fashe a hannun mai ita. Mai ɗan hali yakan nemi ta bature mai lamba 12, mai baki ɗaya ko biyu. Ta fi tabbas, amma harsashinta na da tsada, tana ragargaza ƙaramar dabba, ƙararta kuma na kai wa nesa. 'Yan uwanmu da ke Amurka da Kanada sun san masu tarkon can sun fi son ƙaramar bindiga mai lamba 22 don kada fata ta lalace. Su fata suke sayarwa, kuma ba su da shingen sojoji tsakanin gida da daji.

Gaya tana da shi. Garin na bakin kogin Neja, gada ce kawai tsakaninsa da Malanville ta Jamhuriyar Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuma na nan kusa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar, kuma ko da CEDEAO ta janye takunkumi a Fabrairun 2024, Yamai ta bar ɓangarenta a rufe bisa dalilin tsaro. Bututun man da ke zuwa Benin ya ratsa jihar Dosso, an kuma sha kai masa hari. Daga gabas akwai Lakurawa, waɗanda suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024. Daga yamma akwai gandun dajin W, inda gwamnatin Benin ta tabbatar da mutuwar sojojinta 54 a hare-haren 17 ga Afrilun 2025 da ƙungiyar JNIM ta ɗauki alhakinsu. Sojan da ke sintiri a irin wannan wuri ba zai tsaya bambance adaka da bindigar yaƙi cikin duhun asuba ba, kuma asuba ce lokacin duba tarko.

Wanda ke ganin an kambama batun ya tuna Uromi. A ƙarshen Maris na 2025, 'yan banga a jihar Edo sun tare motar da ta ɗauko mafarauta daga Fatakwal zuwa Kano don bikin sallah. An ga bindigogin farauta na gargajiya, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16. Uromi na da nisa da Gaya, amma abin da ya ja musu mutuwa shi ne dai kayan aikin da mai tarkon Gaya ke rataye da shi.

Takarda ma ba ta warware komai. A Nijar, doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998 ce ke tsara farauta da kare namun daji, jami'an gandun daji ne ke kula da ita, izinin riƙe bindiga kuma daban yake da izinin farauta. Akwai kuma keɓaɓɓen dajin namun daji na Dosso da aka ware tun 1962, wanda ke da nasa sharuɗɗan. Duk wanda ya cika waɗannan, takardarsa ta ƙare a bakin iyaka. Da ya taka ƙasar Kebbi, dokar makamai ta Najeriya ce ke kansa, kuma a Agustan 2023 rundunar 'yan sandan ƙasar ta sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Dabba kuwa ba ta san iyaka ba, haka ma mai bin sawunta. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ta ƙara nisanta ƙasashen uku daga teburin da za su daidaita irin wannan ƙaramin lamari, wanda ga talaka ba ƙarami ba ne.

A ganina, ga mai kama gafiya, zomo, damo da zabon daji, bindiga ta zama kaya mai haɗari fiye da amfaninta. Gora da adda sun ishe shi, kamar yadda suka ishi kakanninsa. Kariyar kai da wasu ke fakewa da ita ma ba ta da ƙarfi: harbi ɗaya na adaka ba zai tsayar da mutum biyar a kan babura ba, sai dai ya ba su dalilin ɗaukar mai ita a matsayin ɗan sa-kai ko ɗan leƙen asirin soja.

Mai kama manyan dabbobi ne ke cikin tsaka mai wuya, domin tunkarar mugun dawa da sanda ganganci ne. Shi kam gara ya riƙe bindigar da aka yi wa rajista, mai baki ɗaya, wadda ba ta kama da ta yaƙi, ya fita da rana cikin 'yan uwansa, maigari da jami'an gandun daji sun san inda tarkunansa suke.

Nauyin da ya rage na hukuma ne. Nijar na da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994. Abin da maharban Gaya ke bukata shi ne rajista mai sauƙi a kusa da su, ta hannun sarakunan gargajiya da shugabannin maharba, da katin shaida da jandarma da soja za su gane a shinge. Idan neman izini ya fi kuɗin bindigar kanta tsada, mai tarko zai ci gaba da ɓoye adakarsa a cikin buhu, kuma bindigar da aka zaro daga buhu a shingen bincike ta fi wahalar bayani.