Waƙar Da Ta San Sunanka

Yara, ga wata tambaya. Waƙar nan da ku ke ji a wayar yayyenku, ta taɓa kiran sunan ɗayanku? Na san ba ta taɓa ba. Wanda ya rera ta yana can Kano ko Kaduna, bai san ku ba, bai san garinku ba. Abin da ta faɗa jiya shi za ta faɗa yau, shi kuma za ta faɗa gobe. To, akwai wata irin waƙa wadda ta san sunan mutum, da na ubansa, har da gonarsa. Ita ba a samun ta daga zaune, sai an taka da ƙafa an je inda ta ke.

Sa'ad da na ke kamar ku, muna zaune a wani ƙauye kusa da Dandume. Ran kasuwa kakana ya kan tashe ni tun da asuba, ya ce, "Tashi, aboki, rana ba ta jiran rago." Mu yi salla, mu sha kunu, mu kama hanya. Shi yana gaba da sandarsa, ni ina biye da ƙwaryar ƙwan zabi a ka.

Tsohon nan ba ya barin kome ya wuce shi a hanya. Shi ya nuna mini gawo, itacen da ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina, sa'ad da kowane itace ya yi kore shar, shi sai ya kaɗe ganyensa, da rani kuwa ya tofo. Saboda haka manomi ba ya sare shi, don inuwarsa ba ta danne shuka. Shi ya koya mini in bambanta kukan fakara da na hasbiya, in kuma san zuwan shamuwa alama ce ruwa ya yi kusa. Wanda ya wuce a kan babur ƙura kaɗai ya ke gani.

Wata rana da damina, muna cikin tafiya, sai muka ji ganga tana tashi daga bayan wata fadama. Kaka ya tsaya, ya karkata kunne, ya ce gayya ce. Gayya kuwa ita ce a taru a yi wa mutum ɗaya noma, shi kuma ya ciyad da jama'a da fura da tuwo. Muka ratse, muka je. Ga samari sun jeru, kowa da kunyarsa, sun duƙa da fartanya. Ga makaɗi yana biye da su da gangar noma, yana kiran su ɗaya ɗaya. In ya kira saurayi, ya ambaci ubansa, ya tuna masa irin damman da kakansa ya ke samu, sai ka ga yaron nan ya yi kururuwa, ya wuce na kusa da shi kamar an tura shi. In wani ya fara miƙewa yana dafa ƙugu, sai makaɗi ya koma kansa da zambo, 'yammata masu kawo ruwa su yi ta dariya, ba shiri ya sake duƙawa. Kafin azahar an gama gonar da mai ita shi kaɗai zai yi mako yana fama.

Ku lura da wannan. Waɗansu na cewa makaɗi ba shi da sana'a sai roƙo. Ni ban yarda ba. Mutumin nan bai taɓa fartanya ba ran nan, amma da babu shi da aikin bai ƙare ba. Ya san wanda ya gaji, ya san wanda ke son yabo, ya san lokacin da zai matsa kiɗa da lokacin da zai sassauta. Wace waya ce za ta iya wannan?

Da muka isa kasuwa, muka sayad da ƙwai, sai Kaka ya ja ni wurin da mutane suka yi da'ira. Ɗan kama ne a tsakiya. 'Yan kama su ne masu wasan ban dariya na ƙasar Hausa tun kafin a san silima. Gwanintarsu ita ce su ɗauki waƙar da kowa ya sani, su bar muryarta yadda ta ke, su mai da maganar cikinta ta abinci. Wannan da muka tarar ya naɗa wa tuwo sarauta, ya ba miyar kuka waziri, ya ce man shanu ne alkali, tun da yake duk inda ya shiga sai rigima ta kwanta. Can sai ya hango wani mai sayen hatsi wanda kowa ya san mudunsa ya fi na mutane zurfi. Bai kama sunansa ba. Sai kawai ya shiga kwaikwayon yadda ya ke danna mudu da hannu yana duban sama, kamar bai san abin da hannun ke yi ba. Kasuwa ta ɗauka da dariya. Mutumin ya yi yaƙe, ya miƙa kyauta, ya sulale. Abin da manoma suka daɗe suna jin nauyin faɗa masa, ɗan kama ya faɗa, ba a kuwa yi faɗa ba.

Ba na ce kowane mai wasa ne ya kamata ku tsaya wurinsa ba. 'Yan gambara, alal misali, bakinsu ba shi da linzami, in sun fara batsa yaron kirki sai ya yi gaba. Kaka ma ya kan ja hannuna mu wuce.

Ƙasarmu ta nan ba baƙuwar waƙa ba ce. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, a nan Funtuwa ya yi zamansa. Yana saurayi ya yi tallar goro da alewa kasuwa kasuwa, a can ya san mutane da halayensu. Makaɗansa kalangu su ke kaɗawa, shi kuwa ba ya zama ya rubuta waƙa, nan take ya ke ƙaga ta a gaban jama'a, da abin da idonsa ya gani a wurin. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dokta a 1988. Ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura. A nan kam dole in yaba wa rediyo da waya, gama da ba dominsu ba da ba ku taɓa jin muryarsa ba. Suna da kyau wajen ajiya, kamar rumbu. Amma rumbu ba ya shuka. In ba a sami waɗanda za su tsaya gaban mawaƙi mai rai su saurare shi ba, daga ina wani Shata zai fito?

Yau gayya ta yi wuya. Garmar shanu da tarakta da maganin feshi sun rage aikin fartanya, inda kuwa ba a taru an duƙa ba, makaɗin noma ba shi da wanda zai kira. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Ɓarayin daji sun addabi ƙasarmu, har a 2019 an lissafa Dandume cikin ƙananan hukumomi 8 na Jihar Katsina da abin ya fi shafa. Hanyoyi da yawa da muka bi muna yara, iyaye sun hana 'ya'yansu bi, kuma sun yi daidai. Kada wani yaro ya karanta wannan ya fita daji shi kaɗai. In babanka ya ce kada ka wuce wuri kaza, to, kada ka wuce.

Amma abin da ya rage kada mu yar da shi da hannunmu. Ran da babanka zai tafi gonar bayan gari, ka roƙe shi ka bi shi a ƙasa, ka tambaye shi sunan kowane itace. In azumi ya kwana goma, yara suka fito tashe, ka shiga cikinsu, gama tashe ma wasan ban dariya ne, ku ne kuwa 'yan wasan. In an yi biki a unguwarku aka kawo masu kalangu, ka aje waya ka matsa kusa, ka ga yadda makaɗi ke matse tsarkiya a hammata har kalangu ya yi magana.

Akwai kuma tsofaffin makaɗan noma a ƙauyukanmu, gangunansu na rataye a ɗaka sun yi ƙura. Ku tambayi kakanninku wane ne na garinku. Ku je ku gaishe shi, ku durƙusa, ku ce, "Baba, da wane kirari ka ke kiran kakana a gona?" Ku tafi da littafi da fensir, ku rubuta abin da ya faɗa, ku kawo wa malaminku ran Litinin.