Mai azara shi ne mai saiwa

Ranar Litinin da ta wuce na raba yara biyu na ajina da suka kaure da dambe a bayan lakwal. Shekara uku suna zaune benci guda. Da na tambayi dalili, ɗaya ya ce uban wancan yana cin ƙasar mutane da itace, ɗayan ya ce uban wannan mai kashe itace ne da dare. Yara ba su ƙirƙiro wannan magana ba, a bakin akushin tuwo suka ji ta.

Iyayen nasu garkarsu na jere a fadama, nan Tama, shingen ƙaya kaɗai ya raba su. Ɗaya yana da bedi uku a bakin shinge. Saiwar ta bi ta ƙarƙashi, toho ya yi ta fitowa cikin fangalin albasar maƙwabci. Mai albasa ya yi magana sau biyu, amsar da ya samu ita ce: "Ni na dasa su? Allah ne ya fiddo abinsa a garkarka." Bayan ƴan kwanaki aka wayi gari an ɓare bawon itace guda kewaye, an zuba masa baƙin mai. Yanzu ko gaisuwar asuba babu tsakaninsu.

Da wannan amsa ta "Allah ne ya fiddo" nake faɗa. Mutumin da ya faɗe ta, bara ya sare rassan bedin nan ya sayar da azara, bai ce kuɗin na Allah ne a raba da maƙwabci ba. Inuwa tasa, itacen wuta nasa, azara tasa, amma da aka zo kan saiwa sai itace ya zama maraya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kada wani ya ɗauka ina ƙin itace. Mu ƴan kwarin Majiya mun san abin da bedi ya yi mana. Tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara jera shi layi bibbiyu, tazarar kamar mita 100 tsakanin jeri da jeri, don karya iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Daga 1984 aikin Keita ya zo da nasa dashen da gyaran fako. A wancan zamani manomi yana kallon itace a matsayin kayan gwamnati, ko reshe ya sara yana tsoron tara. Sannu a hankali abin ya sauya. Dokar daji ta 2004 ta zo, sannan a 2020 aka sa hannu kan ƙudurin da ya tsara sassaben zamani, wanda ya tabbatar wa manomi amfanin itacen da ya raina a gonarsa. Mun yi murna, kuma ya kamata mu yi. Sai dai mun karɓi rabin mallaka mun bar rabi. Rabin da muka bari shi ne ɗaukar ɓarnar abin da ka mallaka.

Masu gardama suna cewa ta yaya za a san tohon na wane ne, tunda tsuntsu da jemage ma suna yar da ƙwallon bedi ko'ina. Wannan ba ya buƙatar alƙali, darasin ɗan aji huɗu ne. Ka jiƙa wurin, ka ja tsiron. Wanda ya fito daga ƙwallo zai tumɓuko da ƴar saiwarsa miƙe, shi kam ba laifin kowa, mai garka ya cire abinsa. Wanda ya ƙi fitowa, ka tona da hauya, za ka tarar yana manne da wata saiwa mai kauri kwance a ƙasa, in ka bi ta sai ta kai ka gindin uwarsa. Saiwa tana bin ruwa, garkar albasa kuwa ita ake shayarwa duk rani alhali ko'ina ya bushe. Kuma duk inda hauya ta ji wa saiwar rauni, nan take yin sabon toho. Shi ya sa mai albasa ke sara kullum abin yana ƙaruwa, har ya fara zargin asiri.

Wasu ƙasashe sun daɗe da rubuta wannan. Dokar zaman jama'a ta Faransa ta ce itacen da zai wuce mita 2 tsawo kada a dasa shi ƙasa da mita 2 daga iyaka. Ta ba maƙwabci damar yanke saiwar da ta shigo masa daidai kan iyaka da hannunsa, amma reshe sai ya sa mai itacen ya sare. A ganina mita 2 ta yi kaɗan ga bedi kusa da garkar da ake ba ruwa. Kuma ban yarda a bar wa wanda aka cuta aikin shi kaɗai ba. Mai itace ne ya kamata ya haƙa rami a gefensa na shinge, zurfin cinya, ya datse saiwoyin da suka nufi maƙwabci, ya sake dubawa kowace shekara kafin dashen albasa. Aikin yini guda ne ga mutum da ɗansa.

Shi kuma wanda ya ɓare bawo da dare, ba ni da uzurin da zan ba shi. Itacen da ya shekara talatin yana tare wa garkarsa iska ya kashe saboda fangali huɗu, kuma bedin da aka raunata saiwarsa ba ta mutuwa nan take, sau da yawa ƙara toho take yi. Akwai mai gari, akwai kwamitin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, wanda muke kira kofo. Da ya kai ƙara can, da an zo an tona an gani da ido.

Mu malamai ma da namu kashi. Kowace ranar 3 ga Agusta muna raba wa yara dashe, a yi tafi, a ɗauki hoto. Yaro ya kai gida, uba ya ce a sa shi can bakin shinge don kada ya ci wuri. Ban taɓa jin ɗayanmu, har ni, ya ce wa yaro ya auna taku nawa ne zuwa iyakar maƙwabci ba. Muna koya masu zurfin rami da yawan ruwa, muna tsallake wannan.

Da na duba garkar lakwal ɗinmu bayan faɗan nan, sai na tarar bedin da na sa aka dasa shekara takwas da suka wuce ya riga ya aika toho cikin yakuwar wata tsohuwa da ke bayanmu. Ba ta taɓa cewa uffan ba, wai tana jin nauyin malam. Na je na ce, "Inna, ki yafe, laifina ne." Ranar Asabar za mu haƙa ramin, kuma na aika wa iyayen yaran nan biyu cewa ina neman aron diga daga ɗaya, shebur daga ɗayan, kowa ya kawo da kansa.