Mata Biyu, Turmi Ɗaya

Maƙalar wannan makon ƙorafi ce a kanmu. Duk sanda muka haɗa mata biyu a labari, sai mu mayar da su kishiyoyi, ko uwar miji da matar ɗa, ko ƙawayen da ɗayarsu za ta ci amana a babi na goma. Sai ka ce ba mu taɓa ganin mata biyu sun haɗa kai sun yi abin kirki ba.

Mun gani kuwa. Wanda ya taso a karkarar Minjibir, daga Kunya har Wasai, ya san lugude: mata biyu a kan turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka, ta waccan na tashi. Da ɗaya ta yi jinkiri ko gaggawa, sai taɓare su yi karo.

Haka wasan badminton na mata bibbiyu yake. Fili ne mai tsawon mita 13.4 da faɗin mita 6.1, raga a tsakiya, ana buga ƙwallo mara nauyi mai gashin tsuntsu 16. In suna kai hari, ɗaya tana gaba kusa da raga, ɗaya tana baya. In suna tsaro, sai kowacce ta riƙe gefe guda. Hukumar badminton ta duniya tana ba su matsayi ne a tare, saboda haka ranar da ɗaya ta ji rauni, aikin ɗayar ma ya tsaya.

Mu duba Greysia Polii ta Indonesiya. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, tana cikin mata takwas da aka kora bisa laifin ƙin dagewa su ci wasa, don su samu abokan karawa masu sauƙi a zagaye na gaba. Ta sha kunya a idon duniya. Bayan gasar Rio a 2016, abokiyar wasanta Nitya Krishinda Maheswari ta ji mummunan rauni a gwiwa, Polii ta fara shirin ajiye wasa. A 2017 aka haɗa ta da Apriyani Rahayu, 'yar ƙauye daga tsibirin Sulawesi, wadda Polii ta girme wa da kimanin shekara goma. Ran 2 ga Agusta 2021 a Tokyo, suka doke Chen Qingchen da Jia Yifan na Sin da ci 21-19 da 21-15. Ita ce zinare ta farko da Indonesiya ta samu a Olamfik a wannan rukuni. Akwai faɗuwa a labarin, akwai tuba, akwai yayar da ta kusa sarewa da ƙanwar da ta riƙe ta. Me littafi yake nema da ya wuce wannan?

A gida ma muna da su. A 2019 Dorcas Ajoke Adesokan da Uchechukwu Deborah Ukeh sun ci kambun Afirka a Fatakwal, sannan a wasannin Afirka na Maroko suka tsaya a azurfa, bayan Doha Hany da Hadia Hosny na Masar sun doke su. Mu nawa ne muka san sunayensu?

Wani zai ce ina ruwan Bahaushiya da badminton, ga batun sutura. Tambaya ce mai ma'ana, amma Soraya Aghaei ta Iran ta buga a Tokyo da kanta a rufe. Kuma ba cewa muke kowa ya rubuta labarin wasa ba. Abin da ke damunmu shi ne yarinyar da ke karanta mu a waya a Minjibir. In littafi goma sun nuna mata cewa 'yar uwarta mace abokiyar gaba ce, da wannan tunanin za ta shiga makaranta, da shi za ta shiga gidan miji.

Aikinmu na makon nan: gajeren labari mai mata biyu da nasarar kowacce ke hannun ɗayar. Ko a fili, ko a kasuwa, ko a gindin turmi. Su saɓa, su yi faɗa in ta kama, amma kada namiji ya zama dalilin. A ajiye a ƙasan wannan rubutu kafin Juma'a. Allah ya ba mu sa'a.